Masu Binciken Sama: Sana'ar da Kayan Aikinta Ke Faɗowa a Gonakinmu

A Kutawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, duban sama abu ne na yau da kullum. Manomin da ya san ciwon irinsa ba ya shuka don kawai an yi yayyafi, sai ya ji daga bakin malamin hisabi wane tauraro ake ciki. Shi kuma malamin lissafinsa a ka yake: taurari 28 ne, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, su ne suke cika shekara kwana 365. Idan aka shiga Haƙa'a da Hana'a, aka gangaro Zira'a da Nasara da Ɗarfa, an san damina ta kankama. Tsohuwa kuma za ta nuna wa jikanta Kaza da 'ya'yanta, ta gaya masa in Gamzaki ya fito asuba ta kusa.

Duk da wannan sabo, in ka ce wa ɗalibin sakandare a yankin akwai mutanen da ake biya albashi wata-wata don su binciki taurari da duniyoyi, sai ya ɗauka zolayarsa kake yi. Mahaifinsa kuwa tambaya ɗaya zai yi: "To Malam, wannan karatu me ake ci da shi?" Wani ma zai zaci maganar duba ake yi, ya nemi tsari. Tambayar uban tana kan hanya, kuma za mu zo kanta. Zargin duba ne ya kamata a fara kawarwa. Mai wannan sana'a ba ya gaya wa kowa ranar aurensa ko sa'ar kasuwarsa. Awo yake yi: nisan abu, nauyinsa, zafinsa, sinadaran da ke jikinsa, da shekarun da ya yi. Abin da ya auna kuma dole ya rubuta yadda ya auna shi, don wani a wata ƙasa ya sake gwadawa, ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Ƙasar Katsina ta taɓa fitar da gwani a wannan fage. Muhammadu al-Kashinawi, Bafillacen malamin nan da ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya yi suna a gabas a kan hisabi da ilimin falaki. Rubutunsa a kan hatimai, wato jera lambobi a gidaje ta yadda za su ba da jimla ɗaya ta kowace fuska, har yau masana tarihin lissafi suna nazarinsa. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. A wancan zamani lissafin taurari da neman asiri a cakuɗe suke, a nan da ƙasashen Larabawa duka. Daga baya aka tace, aka riƙe abin da awo ya tabbatar.

Yau sana'ar ta rabu gida biyu, ko da yake gidajen ƙofa ɗaya suke shiga. Akwai masu nazarin haske, waɗanda suke tattara hasken taurari da madubin hangen nesa su karanta abin da ke cikinsa. Akwai kuma masu nazarin duniyoyi, irin su Mars da wata da ƙananan duwatsun da ke kewaya rana. Da yawa daga cikin waɗannan na biyu ba su ma cika ɗaga kai sama ba. Sunkuye suke a ɗakin gwaje-gwaje, a kan gutsuren dutse. Kuma ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi daraja a wurinsu, a duniya kaf, a gonar wani Bakatsine ya faɗo.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, da rana, wani manomi yana gadin gonarsa kusa da dutsen Zagami, a yankin Faskari, sai ya ji wata irin ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, wani abu ya daki ƙasa kamar taku goma daga inda yake tsaye. Da tsoro ya sake shi ya matsa, sai ya tarar da baƙin dutse a cikin rami mai zurfin ƙafa biyu. Nauyinsa kilo 18. Hukuma ta ɗauke shi ta kai ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna, aka rubuta shi da sunan wurin da ya faɗo, kamar yadda ƙa'idar sana'ar ta tanada. A ranar babu mahaluƙin da ya san daga ina ya fito, har da manyan masana na Turai da Amurka.

A nan ne aikin mai bincike yake farawa, kuma ya kamata a gan shi kusa-kusa. Idan gutsuren irin wannan dutse ya zo hannunsa, ba ya taɓa shi da hannu tsirara, don gumi da maiƙon jiki suna gurɓata awo. Zai yanko ɗan siririn yanki da zarto mai bakin lu'ulu'u, ya manna shi a kan gilashi, ya yi ta gogawa har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, ya zama haske yana ratsa shi. Sannan ya ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Dutsen da ido yake gani toka-toka sai ya fito da launuka, shuɗi da rawaya da ja, kowane ma'adini da irin nasa, kuma suna sauyawa in ana juya faifan. A jikin Zagami an ga ƙwayoyin ma'adinai irin na dutsen da ya narke a aman wuta ya sandare. An kuma ga wasu ƙwayoyin da suka koma gilashi ba tare da sun narke sun kwarara ba, alamar cewa wani mugun duka ya same su farat ɗaya. Daga nan sai a niƙa ɗan kaɗan, abin da bai kai tsunkulen gishiri ba, a narkar da shi a ruwan asid, a sa a na'urar da ke rarrabe sinadarai bisa nauyinsu. Wasu sinadarai suna rikiɗa zuwa wasu a kan ƙayyadadden lokaci da ba ya sauri ba ya jinkiri, don haka in an auna nawa ya rikiɗa nawa ya rage, an san shekarun dutsen. Awo ɗaya yana iya cin makonni, kuma in ƙura ta shiga, sai a sake daga farko.

Sakamakon ya ɗaure wa masana kai. Galibin duwatsun da ke faɗowa daga sama shekarunsu wajen biliyan 4.5 ne, sa'o'in rana da duniyarmu. Zagami kuwa shekara wajen miliyan 180 kacal ya yi da sandarewa. Haka 'yan uwansa da suka faɗo a Shergotty ta Indiya a 1865, da Nakhla ta Masar a 1911, da Chassigny ta Faransa a 1815, duk yara ne in an gwada su da sauran. Ƙaramin dutse a sarari yana hucewa da wuri, ba zai yi aman wuta a kurkusa haka ba. Ke nan daga babbar duniya suka ɓallo. Amma wacce? Zato ya karkata ga Mars, sai dai zato ba hujja ba ne. A 1976 kumbunan Viking guda biyu na Amurka suka sauka a Mars suka auna iskarta. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson suka ciro iskar da ta maƙale a cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, suka ga ta yi daidai da abin da Viking ya auna. A 1995 Kurt Marti da abokan aikinsa suka sami irin wannan iska a cikin 'yan aljifan gilashin da ke jikin Zagami. Shekara 33 ke nan tsakanin faɗowarsa da samun wannan shaida. Yanzu an san wani babban dutse ne ya daki Mars wajen shekara miliyan 3 da suka wuce, ya watso gutsattsari da gudun da ya haura kilomita 5 a daƙiƙa, ɗaya daga cikinsu ya yi ta kewaya rana har ya ƙare a ƙasar Faskari.

Wanda ba shi da haƙurin jiran amsa shekara da shekaru, wannan sana'a ba tasa ba ce. Ba a kuma yin ta a kaɗaice. Wanda ya auna iskar Mars daban, wanda ya tsinto dutse a ƙanƙara daban, wanda ya haɗa biyun daban, kuma kowannensu a kan rubutun na gabansa ya dogara.

Abin da ke damuna a labarin Zagami shi ne inda amfaninsa ya tafi. Wajen 1988 wani dillalin duwatsun sama daga Amurka, Robert Haag, ya sami babban kaso na dutsen ta hanyar musaya, aka yayyanka aka rarraba a duniya. Ɗalibai a Amurka da Jamus da Japan sun yi digiri a kansa. A 1996 ma an liƙa ɗan ƙwayarsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor aka harba, ya koma yana kewaya duniyar da ya fito. Amma ka shiga aji a Faskari ko Dutsin-Ma ka tambayi yara labarinsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wani ya faɗo a Kabo ta Kano a 1971, wani a Mayo Belwa a 1974, wani a Gujba a 1984, shi wannan na Gujba irinsa yana da wuyar samu ƙwarai. A watan Nuwamba na 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai nauyin sama da kilo 24 a yankin Agadas, mafi girma da aka taɓa samu, aka yi gwanjonsa a kamfanin Sotheby's da ke New York a watan Yuli na 2025 a kan dala miliyan 5.3. Sai bayan an sayar gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Cikin dubun-dubatar duwatsun sama da aka tattara a duniya, na Mars 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma biyu daga cikin manya-manyansu a ƙasashenmu aka same su. Halin dai shi ne na mai sayar da ɗanyar fata ya dawo ya sayi takalmi. Dillali bai yi mana wayo da komai ba illa sanin darajar abin da muke gani baƙin dutse.

Masu nazarin haske su ma aikinsu ba kamar yadda ake zato yake ba. Da wuya ka ga ƙwararre ya kwana yana leƙa madubi da ido. Manyan madubai kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka sai mutum ya rubuta takardar neman lokaci, ya bayyana abin da zai duba da dalilinsa, kwamitin takwarorinsa ya tace. In ya dace a ba shi 'yan sa'o'i a madubin SALT da ke Sutherland a Afirka ta Kudu, ko faya-fayan rediyo 64 na MeerKAT, ko madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021. Abin da zai zo masa lambobi ne a kwamfuta, kuma zai iya shafe shekara yana wanke su da lissafi kafin ya ce uffan. Ta haka aka gano duniyoyi sama da 5,000 da ke kewaya wasu taurari, mafi yawansu ta hanyar lura da yadda hasken tauraro yake ɗan dusashewa duk lokacin da duniyarsa ta gifta ta gabansa. Wani abin farin ciki shi ne hukumar NASA tana sakin mafi yawan bayananta kyauta a intanet. Ɗalibi a Dutsin-Ma mai kwamfuta da lantarki da sanin lissafi zai iya sauke lambobin da farfesa a Ingila yake aiki da su.

Ɗan Nijeriya ya taɓa barin sawu a nan. Samuel Okoye, yana ɗalibin digiri na uku a Kambirij a tsakiyar shekarun 1960, shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan ƙaramin tushen igiyar rediyo a tsakiyar ɓurɓushin tauraron da aka ga fashewarsa a shekarar 1054. Daga baya aka tabbatar gawar tauraron ce take juyawa da tsananin sauri. Okoye ya dawo gida ya bunƙasa wannan fanni a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda har yanzu nan ce cibiyarsa a ƙasar.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Senegal. A watan Agusta na 2018 NASA tana son sanin siffar wani dutse mai suna Arrokoth, can bayan Pluto, kafin kumbonta New Horizons ya isa wurin. Lissafi ya nuna dutsen zai gifta ta gaban wani tauraro, inuwarsa kuma za ta ratsa Senegal. Sai aka jera ƙananan madubai, irin waɗanda ake ɗauka a bayan mota, a ƙauyuka, kowanne da tazarar 'yan kilomitoci daga ɗan uwansa. Kowace tawaga ta kafa nata tun da yamma, ta saita shi a kan tauraro ɗaya tak cikin dubbai, ta haɗa kyamara da agogo mai karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam, ta zauna jira. Abin da ake jira bai wuce ƙiftawar ido ba: tauraron ya ɓace ya dawo. Wanda yake daidai tsakiyar inuwa zai ga ɓacewar ta ɗan fi tsawo, na gefe ya ga gajeriya, in an haɗa sai siffar dutsen ta fito. Damina ce, gajimare ya rufe wa mafi yawansu, 'yan kaɗan suka dace, kuma abin da suka samu ya yi amfani lokacin da kumbon ya wuce ta wurin ranar 1 ga Janairu, 2019. Maram Kaire, wanda ya jagoranci aikin daga ɓangaren Senegal, ya sake yin irinsa a 2020 da 2021, kuma an raɗa wa wani dutsen sama sunansa. Babu abin da ƙauyukan Senegal suka fi ƙauyukan Kurfi da shi a wajen duhun dare. Abin da suka samu shi ne mutumin da ya shirya, da gwamnatin da ta saurare shi.

To, yaya ake shiga? Tushen yana sakandare: lissafi, fiziks da kemistiri. Wanda ya tsani lissafi ya haƙura tun da wuri. Sai digiri na farko a fiziks ko ilimin duwatsu, kuma ba sai an je nesa ba, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. Bayan hidimar ƙasa sai digiri na biyu, sai na uku, inda mutum yake zama ƙarƙashin ubangida shekara uku zuwa biyar yana haƙa rami ɗaya har ya fito da abin da ba a sani ba. A hanya dole ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya iya Turancin rubuta rahoto, ya kuma saba da a dawo masa da aikinsa an yi masa kaca-kaca da gyara. Wurin aiki a gida shi ne jami'a, ko hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, wadda take da cibiyoyi a Nsukka da Jos da Toro ta Bauchi da Anyigba, ko hukumar binciken ma'adinai.

Amsar tambayar uban nan ita ce: ana ci, amma ba a tara dukiya. Albashin malamin jami'a ne ko na ma'aikacin gwamnati, da kuɗin bincike in an dace. Wahalhalun kuma ba ɓoyayyu ba ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas. Na'urar da ke buƙatar lantarki dare da rana ba ta jure ɗauke wuta. Hazon hunturu da gajimaren damina suna rage dararen da za a yi aiki. Mafi ciwo shi ne tsaro. Dajin da ya fi dacewa da duban sama, nesa da fitilun gari, shi ne wanda ɗan Dutsin-Ma ko Kurfi ko Faskari ba zai yarda ya kwana a ciki ba a 'yan shekarun nan. Shi ya sa da yawa daga cikin haziƙan da suka samu gurbin karatu a waje ba sa dawowa, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Sai dai ba daga babu za a fara ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ake auna sinadaran dutse da ƙasa da ita.

Amfanin da jama'a za su gani da idonsu ma akwai shi. Lissafin da ya faɗi rana da minti na kusufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda duhunsa ya ratsa ƙasar Zamfara da Katsina, shi ne yake faɗin lokacin haihuwar jinjirin wata da inda zai tsaya a sama bayan faɗuwar rana. Bai maye gurbin gani da ido ba, amma yana taimaka wa kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi wajen tantance shaida. Dabarar da ake gane ma'adinan Mars daga hoton kumbo, ita ce ake bibiyar ruwan madatsar Zobe da ita, da zaizayar ƙasa da gurgusowar hamada. Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003, kuma hotunan irin waɗannan taurari suna buƙatar masu karanta su. Amma ba zan ɓoye ba, babban kaso na aikin neman sani ne tsantsa, kuma a ganina al'ummar da aka umarta ta yi tunani a kan halittar sammai da ƙasa ba ta buƙatar a ba ta wani uzuri kafin ta ware 'ya'yanta kaɗan ga wannan.

Kirana ga jami'o'inmu na Katsina shi ne su tanadi ko da madubi ɗaya mai kyau da malami ɗaya da ya ƙware, su kuma riƙa kai shi makarantun sakandare. Gwamnatin jiha ta nemi a dawo da ko da yanki ɗaya na Zagami a ajiye inda yara za su gan shi. Kai kuma mai karatu, in Allah ya sa ka ji ƙara daga sama ka tsinci baƙin dutse mai nauyi, mai ɓawo kamar an babbaka shi, kada ka wanke shi, kada ka farfasa shi, kada ka goga masa maganaɗisu, don yana share wani tarihi da ke cikinsa wanda ba ya dawowa. Ɗauki hotonsa a inda ya faɗi, rubuta rana da lokaci, naɗe shi a leda mai tsabta, ka sanar da mai unguwa. Kafin ka saurari tayin kowane dillali, ka kai shi sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa da kai, a rubuta shi da sunan garinku.